Yaro mai buƙata ta musamman yana hargitsa aji, ina mafita?

Malama daga Garwa:
Assalamu alaikum malamai. Ajin CP ne (aji biyu na firamare a nan Kamaru), yara sun haura 70, cikinsu akwai yaro mai buƙata ta musamman, ɗan shekara 8. Da an fara karatun Faransanci da baki ɗaya sai ya toshe kunne ya yi ta ihu, wani lokaci har ya jefi na kusa da shi da allo. Ana fitar da shi waje, amma abin sai gaba yake yi.

Malam daga Marwa:
Wa alaikumus salam Malama. Fitarwar nan ita yake nema. Ya gane cewa in ya yi ihu zai tsira daga hayaniyar yara 70 masu maimaita kalma ɗaya, to me zai hana shi sakewa gobe?

Ki samu littafi, ki yi mako biyu kina rubuta abu uku: me ya faru kafin ihun, me ya yi, me aka yi masa. Ki sa lokaci. In kullum wajen sha ɗaya ne, ki duba yunwa da zafin rufin kwano. Ki mayar da shi bencin gaba, nesa da ƙofa da taga. Ki shimfiɗa tabarma a lungun aji, ki ba shi kati mai hotonta: ya ɗaga kati, ya samu hutun minti 3, ya dawo. Tun yana cikin natsuwa ake koya masa katin, ba tsakiyar ihu ba. Kwanakin farko abin zai iya tsananta, domin yana gwada tsohuwar dabararsa. A nan ne da yawa ke karaya su koma korarsa.

Hajiya daga Ngawundare:
'Yar'uwa, ki zauna da mahaifiyarsa. Ya taɓa yin sanƙarau? Yakan bar yaro da raunin ji, a yi ta ce masa mai taurin kai. In kuma yakan ƙura ido ya yi shiru na 'yan daƙiƙu, a kai shi asibiti a duba farfaɗiya. Umarni kuma ɗaya bayan ɗaya, gajere, da Hausa ko Fulatanci in shi yake ji.

Malam daga Marwa:
Gaskiya ne Hajiya. Bulala kam a ajiye ta, dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 ta haramta dukan ɗalibi, kuma firgita take ƙara masa. Kafin a fara karatun baki ɗaya, Malama, ki sanar da shi saura minti 2, ki ba shi aikin raba alli ya ɗan motsa jiki.