Dan Allah a bani shawara: lamba ta hana HMO biyan kuɗin mara lafiya

Slm 'yan uwa, barkanmu da dare. Ina aiki a teburin inshora na wani asibitin kuɗi anan wajen Zoo Road, wata na biyar kenan. Satin daya wuce wata baiwar Allah tazo da katin HMO, wato kamfanin inshorar lafiya, shekarunta basu wuce 34 ba, bayan wuyanta yayi baƙi kamar datti tace har da soso take dirzawa baya fita, ga ƙiba ga al'adarta bata zuwa daidai. Anyi mata gwajin suga kafin ta karya ya nuna 108, HbA1c kuma, wato gwajin matsakaicin suga na kusan wata uku, 5.9. Likita ya rubuta insulin resistance, wato jiki baya jin sinadarin insulin mai daidaita suga, a fayil ya bata metformin. Na duba intanet na samu lambar cutar E88.819 na saka a takardar neman kuɗi, sau biyu HMO suna dawo min da takardar wai lambar bata cikin tsarinsu. Wanda ya rigani a ofis yace kawai in saka E11 ta ciwon suga zasu biya ba gardama, ni kuma wlh zuciyata bata kwanta ba tunda likita da bakinsa yace mata bata da suga. Ya zanyi?

Wani ma'aikacin sashen rikod:
Wslm ƙanena. Lambar da ka ɗauko ta Amurka ce, su nasu littafin ICD-10-CM ake ce masa. Da can E88.81 kawai suke sakawa, sai daga 1 ga Oktoba 2023 suka raba ta gida huɗu, 810 da 811 da 818 da 819, ta ƙarshen itace ta wanda ba'a fayyace irinsa ba. Shi kuwa ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya a E88.8 ya tsaya, babu wutsiyar nan, in da shi kwamfutarsu take aiki ko sau goma ka tura zata dawo maka dashi. Kira su ka tambayi wanne suke bi kafin komai. In likita ya yarda cewa matakin gab da suga take, akwai R73.0 a na hukumar, R73.03 a na Amurka. Amma fa shi zai rubuta da hannunsa, kai naka nemo lamba ne.

Wani ɗan uwa daga Kurna:
Malam kana wahalar da kanka. Kowa haka yake yi, metformin ai maganin suga ne, saka E11 a wuce wurin. In kuɗi basu shigo ba da me za'a biyaku albashi?

Wata likita:
A'a Malam, kar ka ɗora yaron nan akan wannan hanya. Ciwon suga yana da ma'auni, 126 zuwa sama in ba'a ci komai ba, ko HbA1c 6.5, ita 108 da 5.9 gareta, bata kai ba. Abinda ke damunta jikinta ne baya jin insulin yadda ya kamata, shi yasa yake ta ƙara fitar dashi, baƙin wuyan ma daga nan yake ba ƙazanta bace. Kuma metformin ba masu suga kaɗai muke bawa ba. Ni abinda yafi ɗaukar hankalina maganar al'adar nan ce, ka koma wajen likitan cikin ladabi ka tambayeshi ko yana zargin PCOS, wato matsalar ƙwan mace mai rikita al'ada, in aka bincika ya tabbata lambarta E28.2. Sannan a san jininta, mu nan Kano da sikila tayi yawa HbA1c yana iya yaudara.

Wata uwa daga Gwale:
Likita Allah ya saka da alheri. Ni akaina aka yi. Shekara uku da suka wuce aka rubuta min suga a fayil a wani asibiti don kawai a samu a bani magani, ban ma sani ba sai da naje awon ciki nas ta buɗe fayil tace Hajiya ashe kina da suga, a gaban uwar mijina. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Sai da aka sake gwaji har sau biyu kafin a yarda dani, kuma har yau duk likitan daya buɗe sai na sake bayani daga farko. Ɗana dan girman Allah kar kayi mata haka.

Wani tsohon ma'aikacin HMO:
Abu ɗaya zan ƙara. Ka karɓi lambar amincewa daga HMO kafin ayi HbA1c ɗin? Yawancin takardun da muke mayarwa anan suke faɗuwa. In ka kira kace a haɗaka da likitansu, ka tura hoton rubutun likitanku da sakamakon gwajin tare, ka rubuta sunan wanda kayi magana dashi da ranar a littafinka.

Mai tambaya:
Nagode ƙwarai iyayena da yayyena. Lambar amincewa na karɓa tun ranar, tana manne a fayil. Yanzu na kira, ashe na hukumar suke bi. Likitanmu yana tiyata, gobe da safe in Allah ya kaimu zan kai masa fayil ɗin, ita kuma ance ta dawo ranar Alhamis ayi mata sikanin.