Neman kalma kafin Alhamis: me za mu ce wa "album", "country" da "singer-songwriter"?

Mai Shirin Dare:
Assalamu alaikum, iyayena da malamaina. Na zo da ƙoƙon bara. Ina da shiri na minti talatin ranar Asabar da dare a gidan rediyon da nake aiki, kuma dole in miƙa rubutunsa ranar Alhamis kafin azahar. A kan wani dattijon mawaƙin Amurka zan yi, John Prine, da tarin waƙoƙin da ya fitar a Afrilun 2018 mai suna The Tree of Forgiveness, wanda shi ne na ƙarshe kafin korona ta yi ajalinsa a Afrilun 2020, yana da shekara 73.

Mutumin nan masinjan gidan waya ne a wajen Shikago kafin ya yi suna, yana bi gida-gida da jakar wasiƙu yana tsara waƙa a ka. Tarin waƙoƙinsa na farko ya fito a 1971. Kafin wannan na ƙarshe sai da ya yi shekara 13 bai fitar da tarin sababbin waƙoƙi ba. Waƙa goma ce kacal, rabin awa da 'yan mintuna. Abin da ya kama ni muryar ce. A 1998 an yanke masa wani sashe na wuya saboda ciwon daji, a 2013 aka cire wani sashe na huhunsa, sai muryar ta koma can ƙasa, a dushe, kamar ta kakan da ya tashe ka da asuba yana yi maka magana a hankali don kada ya tada sauran gida. Ba ya ɓoye dushewar, kuma makaɗansa ba su binne ta da kiɗa ba. Sau shida na saurara a makon nan.

Kalmomi uku sun tsaya mini a wuya: album, country da suke haɗawa da folk, sai singer-songwriter. Babana direban babbar mota ne, da kaset ɗin Don Williams na tashi, ni ce mai sa biro in naɗe masa zaren idan rediyo ta cinye. Shi "waƙar kaboyi" yake cewa. Amma wannan bawan Allah ba doki ba bindiga a waƙarsa. Ku taimaka.

Tsohon Mai Fassara:
Wa alaikis salam 'yata. Ta farko ba ta da wahala: faifai. Tun zamanin garmaho haka muke cewa a iska. Kada ki wahalar da kanki.

Bakatsine:
Baba, a gafarce ni. Faifai abin da ake riƙewa ne a hannu, an ba shi sunan ne don ya yi kama da faifan rufe ƙwarya. Ita a waya ta saurara. Kuma yanzu ko ɗan guntun bidiyo na sakan ashirin "faifan bidiyo" ake ce masa. Kalmar ta yi yawo har ta saki. Ni kundin waƙoƙi zan ce, kuma mawaƙanmu na zamani ma ana faɗa musu haka.

Tsohon Mai Fassara:
Kundi na takarda ne. Kundin malam, kundin digiri, kundin tsarin mulki. Kunne ba ya karanta kundi.

Malama daga Zariya:
Baba, abin da ke cikin kundi shi ne tarawa da adanawa, takarda abin hawa ce kawai. Mutum ya zaɓi goma cikin abin da ya tara, ya jera su da niyya, ta farko ta buɗe, ta ƙarshe ta rufe. Labarin wannan ma ya dace da kalmar: matarsa ce ta kama masa ɗaki a wani otal a Nashville, birnin da yake cibiyar irin wannan kiɗa a Amurka, aka kai masa kwalaye cike da guntayen baitocin da ya yi shekaru yana ajiyewa, ya zauna kamar mako guda ya fito da waƙoƙin. In wannan ba kundi ba ne, mene ne?

Almajirin Zaure:
Me ya hana diwani? Kalma ce da muka gada, mai daraja.

Malama daga Zariya:
Darajar ce matsalar, Malam. Duk wanda ya ji diwani zai sa ran ƙasidun yabon Annabi ko na wa'azi. Idan ta ce diwani sannan jita ta tashi, wayoyin gidan rediyon ba za su huta ba.

Mai Ƙirƙira:
Kun tsaya kan mai sauƙi. Ta ukun ita ce aikin, kuma na riga na warware ta tun bara: ɗan rubuta-rera. Jam'i 'yan rubuta-rera, mace 'yar rubuta-rera. Ginin Hausa ne tsantsa, irin na faɗi-tashi da kai-komo, aikatau biyu a jere. Ba aro, ba dogon bayani. Ƙanwata, ki sa ta a shirin, a ji ta sau uku, ta zauna.

Bakatsine:
Yaya, wallahi da na karanta sai na ga 'yan firamare malami ya ce su rubuta su rera.

Mai Ƙirƙira:
Haka aka yi wa kowace sabuwar kalma dariya. Wanda ya fara cewa jirgin ƙasa ma ai jirgi na ruwa kawai aka sani.

Malama daga Zariya:
Ginin ba shi da laifi, ma'anar ce ta karkace. Na ɗaya, faɗi-tashi da kai-komo suna nuna abu ne mai maimaituwa cikin wahala ko rashin natsuwa, kunnen Bahaushe zai jiyo wannan a taka. Na biyu, kuma shi ne babba, ka rataya komai a kan rubutu. Ita da kanta ta ce mutumin a ka yake tsara waƙa yana rabon wasiƙu. A wurinmu ma Aliyu Namangi makaho ne, ya tsara Imfiraji, kuma a ajin rubutacciyar waƙa muke koyar da shi. Abin da Turawa ke nufi shi ne maganar tasa ce, shi ya haife ta, shi yake rera ta. Alƙalami ba shi ne gindin zancen ba.

Kuma ku lura da dalilin da ya sa suka buƙaci kalmar. A Nashville akwai masu zama ofis sana'arsu tsara waƙa, su miƙa wa mai murya ya rera. Sai aka nemi suna ga wanda ya haɗa biyun. Mu a gargajiyarmu haɗewar ita ce asali. Shata wa yake tsara masa? Ɗan Maraya fa? Mawaƙi kawai muke cewa, an gama.

Ɗan Zongo, Kumasi:
To shi ke nan, Malama ta faɗi gaskiya. Su ne ke da gurbi, ba mu ba. Kullum sai mu riƙa bin Turanci muna ƙera masa takalmi daidai ƙafarsa. Ko banjo da suke taƙama da shi a kiɗan nan, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka kai asalinsa, danginsa su molo da gurmi suna nan a gabanmu. A ce mawaƙi a wuce.

Mai Ƙirƙira:
Wannan alfahari ne marar amfani, ɗan'uwa. Yau a masana'antar fim ta Kano ba a rubuta wa wani waƙa ya hau? Ba a ɗauko mai murya ta rera abin da ba ita ta tsara ba? Gurbin ya zo gidanmu. Harshen da ya ƙi haihuwa aro zai ci gaba da yi har ya manta sunansa. Shekara nawa muna cewa "furodusa" da "darakta" saboda irin wannan ƙyuya?

Ɗan Zongo, Kumasi:
Mu da muke riƙe da Hausa a tsakiyar Asante ba za a koya mana kishin harshe ba, Yaya.

Mai Ƙirƙira:
Ban raina ku ba. Amma kishi ba ya hana aiki.

'Yar Damagaram:
Ku yi haƙuri, yarinya tana da Alhamis a gabanta. Mu a nan albom za ka ji a bakin matasa saboda Faransanci, amma idan aka ce kundin waƙoƙi kowa zai gane. Ta ukun kuwa, me ya sami fasihi? Ba a ce wa mai maimaita waƙar wani fasihi.

Tsohon Mai Fassara:
Fasihi yabo ne, ba sunan sana'a ba. Mai wa'azi ma fasihi ne in ya iya magana. Amma ban ƙi ta shigo sau ɗaya ba, in mutumin ya cancanta.

Mai Shirin Dare:
Ya cancanta, Baba. Tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya yi waƙa a kan tsofaffin da 'ya'yansu suka watse suka bar su ba mai leƙo su, da wata a kan sojan da ya dawo daga yaƙi ya faɗa shaye-shaye, da wata a kan garin su iyayensa a jihar Kentucky da kamfanin haƙar kwal ya cinye. Ni Ɗan Maraya Jos yake tuna mini, mutum ɗaya da kuntiginsa yana waƙar karen mota da sauran waɗanda ba a yi wa waƙa. A wannan na ƙarshen akwai wadda yake kiran wani nasa da ya ɓace wa gida ya dawo, ba faɗa ba gori, ana jiransa kawai. Bidiyonta a kan annobar ƙwayoyi ne a Amurka, kuma a shekarar da ta fito ne mu ma aka hana maganin tari mai kodin a Najeriya. Na san gidajen da za su ji wannan waƙa a jikinsu ko ba su jin Turanci, in dai na iya gabatar da ita.

Amma har yanzu ba ku taɓa mini country ba.

Bakatsine:
Kiɗan ƙauye.

Malama daga Zariya:
A'a! Da kin ce ƙauye mai sauraro zai ji ƙauyanci. Karkara ta fi, ba ta ɗauke da raini. Su kansu sun sha wannan: da farko sunan da ake kiran kiɗan da shi na raina mutanen kan duwatsu ne, sai a 1949 mujallar harkar waƙa ta Amurka mai suna Billboard ta koma cewa country and western. Kada mu mayar da su inda suka gudo.

Ɗan Zongo, Kumasi:
Kuma me ke damun ƙauye? Duk manyan makaɗanmu daga ina suka fito? Mu ne muka mai da kalmar zagi, mu ya kamata mu wanke ta.

'Yar Damagaram:
Ba a shirin minti talatin za a wanke ta ba.

Almajirin Zaure:
Folk ɗin kuma gargajiya ce, ko?

Tsohon Mai Fassara:
Nan ma a yi hattara. In kin ce waƙar gargajiya za a zaci ta kaka da kakanni ce wadda ba a san mai ita ba. Tasa sabuwa ce, salon ne na gargajiya: jita marar lantarki, amo mai sauƙi, labari a gaba kiɗa a baya. Ni shawarata, ki ari kalmar. Kantiri. Masu sauraronki da suka haura hamsin sun san Jim Reeves da Dolly Parton da Kenny Rogers, kuma da yawansu haka suke faɗa. Ki bi ta da bayani sau ɗaya: waƙoƙin mutanen karkarar Amurka. Mun ari jita, mun ari rediyo, ba mu mutu ba.

Mai Ƙirƙira:
Ga shi nan. An ƙi tawa ta gida, an rungumi kantiri. Baba, da girmanka.

Tsohon Mai Fassara:
Ɗana, shekara talatin na yi a gaban makirfo. Kalmar da mai sauraro zai tsaya yana tunaninta ta cinye jimlar da ke bayanta. Taka ka sa ta a rubutu, inda ido zai iya komawa baya. In ta rayu can, ni zan fara faɗinta.

Mai Shirin Dare:
Saura sunan kundin. Na rubuta Bishiyar Gafara, sai na ji wani iri.

Almajirin Zaure:
Jikinki ya gaya miki daidai. Gafara a wurin Allah ake nema. Tsakanin bayi yafiya ce. Wa yake yafe wa wa a waƙar?

Mai Shirin Dare:
Shi ne yake yafe wa waɗanda suka ɓata masa. Sunan daga waƙar rufewa ya fito, inda yake lissafa abin da zai yi in ya isa lahira: ya ga mahaifiyarsa da mahaifinsa da ɗan'uwansa da gwaggwanninsa, ya buɗe wurin kiɗa mai wannan suna. Cikin raha ya yi ta, har da sigari da abin sha da yadda zai gaisa da Ubangiji. Ba zan sa ta a iska ba, na san mutanena, kuma ni ma akwai inda ban bi shi ba. Amma zan faɗi cewa dattijo ne da ciwon daji ya kama sau biyu, ya rufe aikinsa da yafiya, kuma shekara biyu bayan nan ya tafi. Wannan kundin ne ya kai na 5 a jerin Billboard, matsayin da bai taɓa kaiwa ba tun 1971.

Almajirin Zaure:
To yafiya ce. Kuma kin kyauta da kika bar waccan.

Bakatsine:
Itacen Yafiya dai. Bishiya ta Kanawa ce.

Malama daga Zariya:
Kada mu buɗe wannan ƙofar yau, don Allah. Da yawa in sun ji itace na girki za su tuna.

Mai Shirin Dare:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga yadda zan buɗe: "Yau za mu saurari Bishiyar Yafiya, kundin waƙoƙi na ƙarshe na John Prine, fasihin mawaƙin kantiri, wato waƙoƙin mutanen karkarar Amurka, wanda shi yake tsara waƙarsa ya rera da bakinsa." Baba, faifai zai shigo inda nake maganar na 1971, don wancan a faifan garmaho ya fito.

Tsohon Mai Fassara:
Ya yi. Har yanzu kundi bai kwanta mini a kunne ba, amma shirinki ne. Ki cire "wato", ki ɗan numfasa a wurin.

Mai Ƙirƙira:
"Wanda shi yake tsara waƙarsa ya rera da bakinsa." Kalma tara, a inda biyu za su isa. Ban yarda ba, amma zan kunna rediyo ranar Asabar. Ƙarfe nawa ne?

Mai Shirin Dare:
Tara da rabi, Yaya.