Muhawarar "ubangida" a zauren ƴan kasuwar Maraɗi

Isuhu Bagalam: Salamu alaikum. Yau sai na faɗi abin da ke raina, mai jin haushi shi ji. Kayana sun baro Lome tun kafin azumi, har yanzu kamyon na Kaya ta Burkina, ana jiran rakiyar soja a bi Dori da Tera. Da can Kwatano, Malanbil, Gaya, Doso, sai ga ka Maraɗi. Tun 2023 gadar da ke tsakanin Malanbil ta Benin da Gaya a rufe. Kuma duk rigimar manyan ƙasashe ce, Faransa na ja ta Benin da Kodebuwa, Rasha na ja ta Mali da Burkina da mu. Sojan Faransa sun fita Disamba 2023, Afirilu 2024 na Rasha sun sauka Yamai. Ubangida munka canza kawai, direbana kuwa yana kwana ƙarƙashin mota.

Nasiru Ɗan Jami'a: Ubangida? Baba Isuhu, da girmanka, ka janye wannan kalma. Nijar ba ta da ubangida, abokan hulɗa gare ta. Zancen ƙasa ne!

Isuhu Bagalam: Ɗana, maganar kaya nike.

Nasiru Ɗan Jami'a: A'a, ka ce ubangida. Wanda ke da ubangida yana korar jakadan Faransa? Yana ce ma Amurka ta kwashe daga sansanin Agadas, kuma ta kwashe a 2024?

Alhaji Mamman Mokoyo: Ku yara ba ku san ma'anar abin ba. Ni na yi yaron shago kafin in samu nawa. Ubangida shi ne mai riƙe da makullin sito da littafin bashi. Kai ka buɗe da asuba, ka share, ka auna, ka ƙirga, da magariba ka miƙa mishi jaka ko dala ba ka taɓa ba. Ranar da ya ga dama ya sallame ka da jari, in bai ga dama ba ka tsufa a bakin ƙofa. To ku duba wa ke riƙe da makulli, ku bar hayaniya.

Nasiru Ɗan Jami'a: Madalla Alhaji, ka taimake ni. Da can makullin Somaïr, kamfanin haƙar yuraniyom na Arlit, yana hannun Orano ta Faransa, a Yunin 2025 gwamnati ta maida shi na ƙasa. Ma'adinin yuraniyom na Imuraren ma an karɓe lasisinshi daga Orano tun 2024.

Sale Mai Waya: Sa hannu aljihu ka fiddo jika guda ka duba. Sefa ce, a Faransa ake buga ta, kuma a ɗaure take da yuro, yuro guda kusan sefa 656. Makullin sito ka karɓa, littafin bashi fa?

Nasiru Ɗan Jami'a: Kuɗin AES, ƙawancenmu da Mali da Burkina, na nan tafe.

Sale Mai Waya: Yaushe?

Nasiru Ɗan Jami'a: Akwai odiyon da wani babba ya yi bayani, bari in nemo.

Hajiya Rabi Zariya: Sale, kowa ya san kai ɗan jam'iyyar Tarayya ne da aka kifar da mulkinta, hular ka ɓoye kawai. Lokacin da kuke ci ba mu ji ka ce sefa ba.

Sale Mai Waya: Hajiya, ni ko katin jam'iyya ban taɓa yanka ba. Tambaya na yi. Kuma tunda kin kawo zancen, mutumin da anka zaɓa, shugaba Bazum, yana tsare tun 26 ga Yulin 2023 ba shari'a, wannan ma abokin hulɗa ne ya ce a yi?

Hajiya Rabi Zariya: Kun gani? Ga hular ta fito.

Mushe Lawali: Ku yi haƙuri in sa baki. Abin da Isuhu ya faɗa ba a nan ya fara ba. Kowace babbar ƙasa tana da maƙwabtan da ba ta yarda wani ya leƙa. A 1962 Amurka ta kusa yaƙi da Tarayyar Sobiyet kan makamai a Kuba. A 2014 da zanga-zanga ta kori shugaban Yukiren mai ɗasawa da Mosko, Rasha ta ƙwace Kirimiya. Janairun 2022 mutanen Kazakistan suka tashi kan tsadar gas, cikin ƴan kwanaki sojan ƙawancen da Rasha ke jagoranta suka sauka. Faransa ta yi irinta a Mali da rundunar Serval a 2013, sannan ta Barkhane. Abin lura, a Yukiren da Kazakistan da Mali fushin daga cikin gida ya taso, na waje ya tarar da wutar ne ya zo da nashi lissafi.

Sale Mai Waya: Mushe, ba a lakkol muke ba.

Nasiru Ɗan Jami'a: Mushe bai ce ubangida ba ko sau ɗaya. Ku lura.

Mushe Lawali: Ban ce abokin hulɗa ba kuma.

Hajiya Rabi Zariya: Ni duk wanda ya yanke muna wuta shi ne maƙiyina, kuma ba Baturen Rasha ba ne. Agusta 2023 Najeriya ta kashe layi, ƙanƙarata ta narke a firiza, kifin da na saro ya yi wari, da hannuna na zuba shi a kwata. Aka rufe iyakar Ɗan Isa, magani ya yi wuya. Wa ya aiko su in ba Faransa ba?

Bashir Na Jibiya: Hajiya, a bambanta. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ce ta sa takunkumi, Tinubu na shugabanta a lokacin. Mu mutanen arewa mun ƙi yaƙin, sanatocinmu suka ƙi, malamai suka je Yamai, Sarki Sanusi ma ya je ya ga Janar Tiani. Kasuwar Jibiya ta mutu kamar yadda taku ta mutu. Rabin dangina a Madarunfa suke.

Hajiya Rabi Zariya: To ina jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da anka yi ta yi muna waƙa?

Bashir Na Jibiya: Ana aiki, ki zo Kazaure ki gani da idonki.

Alhaji Mamman Mokoyo: Bashir, kai da ka shigo, sauran kuɗin buhunan wake fa? Na kira ka ba ka ɗauka.

Bashir Na Jibiya: Haba Alhaji, a gaban jama'a? Naira ce ta faɗi, canji ya cinye ni. Na ce ka ba ni zuwa Juma'a.

Alhaji Mamman Mokoyo: Wace Juma'ar daga ciki?

Sale Mai Waya: Nasiru, odiyon?

Nasiru Ɗan Jami'a: An goge shi. Amma kowa ya ji.

Isuhu Bagalam: Jama'a ni fa ban zagi kowa ba.

Nasiru Ɗan Jami'a: Ka janye kawai, Baba.

Shugaban zaure, Malam Habu: To, ya isa haka, an kira isha'i. Ga abin da muhawara ta tsayar. An tabbatar da hujjoji cewa Nijar ba ta da ubangida, tunda an kori Faransa da Amurka kuma an karɓe ma'adinai, ba wanda ya iya musa wannan. Mushe Lawali ya kawo tarihi mai amfani da ya nuna halin Turawan yamma. Maganar sefa da Sale ya ɗauko ba ta cikin batu, kuma mun san inda ta dosa. Ɗan'uwanmu na Jibiya ya amsa da bakinshi cewa daga wajensu aka yanke wuta. Daga yau duk wanda ya sake rubuta waccan kalma, kwana 3 a waje. Alhaji Mamman da Bashir ku same ni shago gobe bayan la'asar.

Mushe Lawali: Malam Habu, misali biyu cikin huɗu da na kawo na Rasha ne.

Shugaban zaure, Malam Habu: An rufe.