Na sayi allon Arduino Uno, ta ina zan fara?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gyaran waya a Kumasi, kuma makon jiya na sayi allon Arduino Uno, wato ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa shirin umarni ta kwamfuta, domin ina so in haɗa abin da zai riƙa kashe injin jan ruwa na gidanmu idan tanki ya cika, saboda ɓarnar ruwan da ake yi kullum tana damuna ƙwarai. Na jona shi da kwamfuta, fitilarsa ta kama, amma manhajar Arduino ba ta gan shi ba. Sannan ina tambaya, zan iya haɗa injin kai tsaye da ɗaya daga cikin filolin allon, wato wuraren da ake jona masa wayoyi?

Mai Lantarki na Asawase:
Wa alaikumus salam ƙanena. Zan fara da tambayarka ta biyu, domin a nan haɗarin yake. Kada ka kuskura ka haɗa injin da allon. Ƙwaƙwalwar da ke kansa, ATmega328P, tana aiki ne da volt 5, kuma kowane fil bai kamata a ja masa fiye da miliamfiya 20 ba, alhali wutar gida a Gana volt 230 ce. Abin da fil zai iya shi ne ya ba da umarni kawai, sai rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa, ya buɗe ko ya rufe hanyar babbar wuta. Idan injin mai ƙarfi ne, ƙaramin rile zai ƙone da wuri, don haka a sa kontakta, wato babban rile mai ɗaukar wuta mai yawa, tsakanin rilen da injin, kuma wannan ɓangaren ka bar wa wanda ya san aikin wayarin, ko ka kira ni mu yi tare.

'Yar KNUST:
Yaya, ka duba ƙaramin guntun da ke kusa da ramin USB. Idan an rubuta CH340 a kansa, to allon naka na kwaikwayo ne, wanda ba laifi ba ne, sai dai kwamfuta tana buƙatar direbansa, wato wata ƙaramar manhaja da ake saka mata, kafin ta gane shi. Ka kuma canza igiyar, domin wasu igiyoyin ba sa kai bayanai, wuta kawai suke kaiwa. Da zarar allon ya bayyana a manhajar, ka fara da shirin da ke sa fitilar fil na 13 ƙyaftawa, ka sauya tsawon lokacin da kanka har ka gane yadda umarni ke tafiya. Allon yana da filolin dijital 14 da wasu 6 na auna sigina, A0 zuwa A5, amma aikinka biyu kacal yake buƙata: ɗaya na makunnin da ke yawo a saman ruwa, ɗaya na rile.

Ɗan Aboabo:
Na gode. CH340 ne kuwa, kuma yanzu ya bayyana. To idan aka ɗauke wuta, shirin zai goge?

Mai Lantarki na Asawase:
Ba zai goge ba, domin yana zaune ne a ma'ajiyar dindindin mai kilobait 32. Abin da ke ɓacewa shi ne lissafin da yake riƙe da shi a lokacin aiki, saboda haka ka rubuta shirin yadda idan wuta ta dawo zai fara da injin a kashe, ya duba matakin ruwa, ya jira ɗan lokaci wutar ta daidaita, sannan ya kunna.