Gem ɗin neman ɓoyayyun kaya a laftof: wanne zan sa wanda ba ruwansa da enaji?

Maman_tagwaye:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu buga gem a kwamfuta ku zo ku ba ni shawara. Ni dai ba ta harbe-harbe ko tseren mota ba ce, hannuna ba shi da wannan saurin, wanda nake so shi ne irin wanda za a nuna maka ɗaki cike da tarkace a ce nemo makulli, nemo almakashi, nemo agogo, ka yi ta dubawa har ka gano. Akwai wani da nake bugawa a waya, ba zan kama suna ba, wallahi yana da daɗi amma ya ishe ni, kana fara shiga ciki sai a ce enaji ya ƙare, ko ka jira ko ka biya ko ka kalli talla, kuma hoto ɗaya za ka yi ta maimaitawa har ka haddace inda komai yake, to ina neman a nan kuma? Ga sikirin ɗan mitsitsi, idona har ruwa yake kawowa. Ina da wata tsohuwar laftof a ajiye ba wani ƙarfi gare ta ba amma tana tashi lafiya lau. Wanne zan sa mata mai labari da farko da ƙarshe, wanda ba sai da intanet ba? Sannan waɗannan ƙananan wasannin wasa ƙwaƙwalwa da ake cusawa a tsakani, musamman mai faifai da sanduna uku, akwai dabara ne ko ni ce kaina ba ya ja?

Tsohon_hannu:
Wa alaikumus salam anti, kin zo inda ya dace. Laftof ɗinki za ta ɗauka, kar ki damu, irin waɗannan gem ɗin hotuna ne a tsaye ba sa cin ƙarfin kwamfuta, da yawansu ma an yi su ne tun zamanin Windows XP.

Idan tushen abin kike so ki fara da jerin Mystery Case Files na kamfanin Big Fish Games da ke Seattle a Amurka. Na farkonsu Huntsville ya fito a 2005, shi kam nema ne zalla, jerin sunayen kaya a gefe, hoto a gabanki, agogo yana tafiya. Sai Ravenhearst a 2006, nan ne suka fara sa labari mai kama zuciya, kina yawo cikin wani tsohon gida a Ingila kina tattara shafukan littafin ajiyar sirri na wata mata, kuma ƙofofin gidan kowacce da irin makullinta na hauka, sai kin kunna wannan kin ja wancan kin juya wani abu kafin ta buɗe. Return to Ravenhearst na 2008 shi ne ya koma cikakken yawo, kina ɗaukar kaya a nan ki je ki yi amfani da su a can, kuma kusan duk na bayansa wannan salon suka bi. Abin da nake so da Big Fish shi ne suna barin mutum ya gwada gem na awa ɗaya kyauta kafin ya saya, awa ɗaya kuwa ta isa ki gane ko zai yi miki, ta kuma isa ki gane ko laftof ɗin za ta ja shi.

Amma ni da za ki bi ta tawa, da na kamfanin Artifex Mundi na ƙasar Foland za ki fara, zanensu ya fi tsabta ga ido. Enigmatis na farko, 2011, ke ce mai bincike kin farka kin manta abin da ya faru, kina tara hujjoji kina liƙa su a allo kina haɗa wannan da wancan. Nightmares from the Deep na 2012 kuma ke ce mai kula da gidan tarihi, gawar wani ɗan fashin teku ta tashi ta sace 'yarki, kin bi shi. A wannan ɗin idan nema ya gundure ki kina iya juya filin ya koma wasan mahjong, ki yi ta haɗa tayil biyu-biyu kayan suna fita daga jeri da kansu. Suna nan a Steam, wato manhajar sayen gem ta kwamfuta, intanet sau ɗaya za ki nema wajen saukewa, bayan nan ki sa Steam ɗin a yanayin ba intanet ki ci gaba da harkarki. Babu enaji babu talla, kin saya kin saya kenan, ki gama a dare biyu ko ki ja shi wata guda, ke ta shafa.

Za ki ga wasu an rubuta musu Collector's Edition, gem ɗaya ne da na yau da kullum, sai ƙarin babi a ƙarshe da jagorar wasa a ciki da su hotunan bango. Ni ban cika damuwa da shi ba, sai dai idan labarin ya kama ni sosai.

Yar_lelen_Baba:
Hmm yaya Tsohon_hannu duk waɗanda ka lissafo fa fatalwa ce da gawa da maƙabarta, ka ji sunan mai tambaya kuwa? Tagwaye gare ta, haka za ta buɗe gawar ɗan fashi yara na leƙowa ta bayanta 😂 Anti ki nemi Hidden Folks, 2017 ya fito, wani ɗan Holand Adriaan de Jongh ya yi shi tare da mai zane Sylvain Tegroeg. Baƙi da fari ne duka zanen hannu, mutane ƙanana-ƙanana kamar tururuwa cike da daji ko gari ko masana'anta, kuma ba kallo kawai za ki yi ba, sai kin zuge zif ɗin tanti, kin sare ciyawa, kin buɗe ƙofar gareji kafin ki ga wanda ya ɓuya. Duk ƙarar da ke cikin gem ɗin da baki aka yi ta, ki danna mota ki ji mutum yana yin hon da bakinsa, yara dariya suke ta yi. Ba agogo ba maki ba wanda zai kore ki.

Kuma ni ban yarda a yi wa na waya kuɗin goro ba. Ni June's Journey nake bugawa, na kamfanin Wooga da ke Jamus, labarin shekarun 1920, yana da enaji shi ma amma ni hakan ya yi min, yana ƙarewa na ajiye waya na kama abin da ke gabana. Wanda ba shi da birki ai sai ka ga dare ya raba kana cewa bari in gama wannan ɗakin kawai.

Tsohon_hannu:
Ƙanwata na karɓi gyara a kan fatalwa, gaskiya masu yin irin wannan gem ɗin kamar an yi musu wahayi da tsohon gida da hazo. Amma maganar enaji ba zan bi ki ba. Ba don hutun idonki aka sa shi ba, gem ɗin kyauta ne kuma dole su ci abinci, to jiran shi ne hajar da suke sayarwa. Shi ya sa ake maimaita hoto ɗaya ana ba da maki a kan sauri, a karo na farko nema kike, daga baya hadda ce da saurin yatsa. Ban ce ba daɗi ba, amma wani wasa ne daban, kuma anti ta ce neman take so.

Malamin_lissafi:
Hajiya kanki lafiyarsa ƙalau, wancan mai faifai da sanduna uku sunansa Hasumiyar Hanoi, wani masanin lissafi Bafaranshe Édouard Lucas ya fito da shi a 1883, masu gem sun same shi a sama ne suna ta canja masa riga, yau faifai gobe littattafai jibi akwatuna. Doka biyu ce, ɗaya-ɗaya ake ɗauka kuma babba ba ya hawa kan ƙarami. Faifai 3 motsi 7 ne mafi ƙaranci, 4 motsi 15, 5 motsi 31, kullum ninki biyu da ƙarin ɗaya.

Dabarar kuwa ba sai kin yi dogon tunani ba. Ki sa ido a kan ɗan autan faifan, shi ne zai riƙa motsi sau ɗaya a bar shi sau ɗaya, wato shi, wani, shi, wani. Kuma kullum zagaye ɗaya yake bi ba ya juyawa baya. Idan adadin faifan mara ne kamar 3 ko 5, motsin farko ki kai shi sandar da ake so a tara kayan, daga nan ta tsakiya, daga nan ya dawo ta farko, haka zai ta zagayawa. Idan cika ne kamar 4, ki fara kai shi ta tsakiya, sai ta ƙarshe, sai ta farko. A motsin da ba nasa ba kuma za ki tarar abu ɗaya ne tak ya halatta ki yi ba tare da kin taɓa shi ba, ki yi shi kawai. Ki gwada da murafai uku masu girma daban a kan tebur, hannunki zai riga kanki ganewa.

Tun da an taɓo, akwai ɗan uwansa da za ki yi ta cin karo da shi, fitilu a jere cikin murabba'i, kina danna ɗaya sai ita da maƙwabtanta su canja, a ce ki kashe duka. Abin da mutane ba sa lura da shi, danna wuri sau biyu daidai yake da ba ki danna ba, kuma wanda kika fara da wanda kika ƙare da shi ba ya canja sakamako. Sai ki bi layi-layi daga sama, duk fitilar da ke kunne a layin farko ki danna wadda ke ƙarƙashinta, haka har ƙasa. Idan an yi saura a layin ƙarshe to a layin farko gyaran yake, ki gwada danna ɗaya ko fiye a can ki sake koro su.

Ba_ruwana:
ni duk wannan lissafin da na ga maɓallin tsallakewa ya cika nake dannawa, gem na zo bugawa ba jarrabawa ba malam

Maman_tagwaye:
Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam na gwada da murafan wallahi ya fita, har na ƙara na huɗu. Yar_lelen_Baba kin karanto ni daidai, mai baƙi da farin nan za mu yi da yara, masu fatalwar kuma sai sun yi barci. Na sauke na gwaji ɗaya daga cikin tsofaffin, yana tafiya sumul, sai dai abu biyu. Hoton ya baje a sikirin mutanen ciki duk sun yi faɗi, sannan akwai kayan da nake rantsuwa babu su a hoton, in na gaji na fara danne-danne ko'ina sai kibiyar maus ta kama juyi ta ƙi tsayawa. Laftof ɗin ce ko me?

Tsohon_hannu:
Ba laftof ba ce anti, horo ne 😄 da gangan suka sa, in kika yi ta dannawa barkatai sai a ƙwace miki kibiyar na ɗan lokaci, a masu agogo ma lokaci ake yanke miki. A sababbin akan tambaye ki matakin wahala tun farko, ki zaɓi mai sauƙi, taimako yana saurin cika kuma wurin da ake nema yana ƙyalƙyali.

Faɗin hoton kuma, tsofaffin an zana su ne don sikirin irin na da mai kusan murabba'i, 4:3, naki kuwa mai faɗi ne shi ya sa ya ja su. Ki shiga saitin gem ɗin ki cire cika sikirin ya koma taga, ko ki bar shi da baƙin sarari hagu da dama. Kar ki raina wannan, hoton da aka ja yana ɓata siffar kaya, ƙwallo ya koma ƙwai, ke kuma ƙwallo idonki yake nema. Ki ƙara hasken sikirin ma don rabin ɓoyon a lungu mai duhu yake.

Kayan kuma suna nan, masu zanen wayo gare su. Abu siriri kamar fensir ko allura ko sanda a jikin layi suke kwantar da shi, gefen ƙofa, ƙafar tebur, firam ɗin hoto, to ki bi layukan da ido. Girma ma ba ya bin hankali, giwa tana iya zama ɗan zane a jikin kofi, cokali kuma ya kai tsawon labule. Wani abin ba ajiye shi aka yi ba, sassaƙa shi aka yi a katako ko inuwarsa ce a bango, wani kuma an rina shi kalar abin da ya hau. In kika ga suna a jeri da kala daban, yawanci sai kin yi wani aiki tukuna, ki buɗe durowa ko ki ɗaga zane ko ki haɗa abu biyu. Kuma kar ki ɗauki suna ɗaya ki yi ta zagaye hoto da shi, ki riƙe uku ko huɗu a kai ki bi hoton sashe-sashe, sama hagu zuwa ƙasa dama. Wanda ya gagara ki bar shi ƙarshe, kayan da kika kwashe suna rage cunkoso, sau da yawa ma yana tsakiyar hoton ƙato guda kina ta leƙen lunguna.

Yar_lelen_Baba:
Anti in kin gama da waɗannan ki nemi Machinarium na 2009, 'yan ƙasar Cek ne suka yi, ɗan mutum-mutumi ne aka jefar a juji yake neman komawa gari. Ba a magana ko kalma ɗaya a ciki, da zane suke tunani, don haka tagwaye ma za su bi labarin. Yana da wuya fa a wasu wuraren, amma akwai littafin taimako a cikin gem ɗin, sai kin ci wani ɗan ƙaramin wasa kafin ya buɗe miki. Malamin_lissafi kai kuma ka dawo ka yi mana na tayil ɗin nan da ake turawa mai gurbi ɗaya, ni layin ƙarshe ne kullum yake hargitse min.