Layukan OH sun ƙi fita, kuma ina ganin zane biyu farare bayan A–B

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Ina digiri na biyu a kimiyyar taurari a nan Kumasi, malamina ya samo mana lokaci a wani madubin hangen nesa da ke kan tsauni a Kudancin Amurka. Ta intanet nake aikin daga ɗakina. Lokacin da rana ke faɗuwa a can, mu nan dare ya riga ya yi nisa, don haka a gaban kwamfuta nake kwana har bayan sallar asuba.

Na'urar mai rarraba hasken infirared ce (hasken da ido ba ya gani), mai doguwar tsaga inda hasken ke shiga. Layin H-alfa, wato wani layin haske na iskar haidirojin, nake nema a wata galaksi (babban tarin taurari) mai nisa. Asalinsa yana 0.656 maikiron, amma nisanta ya ja shi zuwa wajen 1.64, tsakiyar ɓangaren infirared da ake kira zangon H. Tsarin ABBA nake bi: a ɗauka a wurin A, a gusa madubin kaɗan a kan tsagar zuwa B, a ɗauka sau biyu, a koma A. Kowace ɗauka daƙiƙa 600.

Damuwata biyu ce. Da na cire B daga A, layukan sama na OH, wato hasken da sinadarin OH na iskar samanmu ke fitarwa, ba sa mutuwa, suna barin saura mai ƙarfi, har wani yana zaune dab da inda nake sa ran layina. Ta biyun ita ta hana ni barci: a hoton A–B na farko zane biyu nake gani, ɗaya a A ɗaya a B, dukansu farare. Na san ya kamata ɗaya ya fito fari ɗaya baƙi. Na'urar ce ta lalace ko manhajata? Kafin galaksin na ɗauki tauraron gwaji mai haske (wanda ake auna hasken da iska ke shanyewa da shi), farin tauraro nau'in A0V, tun sama ba ta gama duhu ba. Don Allah wanda ya sani ya taimaka, daren da ya rage mana kaɗan ne.

'Yar Nima:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, ban ga alamar lalacewa a abin da ka faɗa ba. Bari in fara da zane biyun, don kai da kanka ka kawo amsar a jimlarka ta kusa da ƙarshe.

Idon irin waɗannan na'urori, wato sashen da ke ɗaukar hoton, da sinadarin HgCdTe ake yinsa, kuma yana da hali guda da kowa ke kuka da shi: in haske mai ƙarfi ya cika fiksel (ɗigon hoto guda), wani ɓangare na cajin yana maƙalewa a ciki, sai ya riƙa fitowa a hankali cikin hotunan da ke biye. Kamar dai wanda ya kalli wutar mai walda, ya kau da kai amma tabon na nan a idonsa. Yana iya ɗaukar mintoci, in an cika shi sosai har sa'o'i. Tauraronka ya zauna a A da B, ya bar tabo a wuraren biyu. Tabon a jikin idon yake, ba a sama ba, saboda haka yana cikin hoton A, yana cikin hoton B, sai dai ya fi ƙarfi a wanda aka fara ɗauka. Ka cire na baya daga na farko, dole su biyun su fito farare.

Ga yadda za ka tabbatar. Duba biyun ƙarshe na ABBA, inda B ya riga A. In tabo ne, A–B zai ba ka zane biyu baƙaƙe, kuma masu rauni fiye da na farko. Galaksi ta gaskiya ba ta sauya hali: fari a A, baƙi a B, kowane lokaci. In kuma akwai hoton duhu (wanda ake ɗauka ba haske) da aka ɗauka bayan tauraron, buɗe shi, za ka gan su kwance.

Batun OH kuma, ina so ka faɗa mini siffar saurar. Kowane layi fari ne gaba ɗaya, ko gefe guda fari gefe guda baƙi? Ka ƙara girman hoton sosai ka duba, ɗanyen hoto, ba wanda manhaja ta riga ta taɓa ba. Cuta biyu ce daban, maganinsu ma daban.

Baban Sabon Zango:

Sannunku da ƙoƙari yara. Ni ɓangaren rediyo na sani, na yi horo a Kuntunse kusa da Accra bayan da aka buɗe farantin nan mai mita 32 a 2017, kuma mu a 6.7 GHz gajimare bai cika damunmu ba. Amma na daɗe ina aiki da kayan sanyi, to ga nawa.

Ɗana, ka roƙi ma'aikacin dare ya turo maka rajistar zafin na'urar na wannan daren. Ruwan naitirojin a Kelbin 77 yake tafasa, wato digiri 196 ƙasa da sifili, kuma idon na'urar yana son zama a wuri guda ba motsi. In an cika tulun naitirojin da ke sanyaya na'urar ana dab da fara aiki, ko injin sanyin na tangarɗa, za ka ga layin zafin yana hawa da sauka, hotuna kuma su bi shi. Ka tambayi awon iskar cikin tulun ma. Tulun da iska ta fara shiga, naitirojin ɗinsa na ƙarewa da wuri, wani lokaci har tagarsa ta yi raɓa, tsakiyar hoto ya dushe.

Abu ɗaya nake roƙonka: kar wani ya ce maka a ɗumama idon don tabon ya goge, kai kuma ka kai musu wannan magana. Ɗumamawa da sake sanyayawa aikin kwanaki ne, a hankali ake yi, kuma hurumin masu na'urar ne.

Ɗan Aboabo:

Allah ya saka da alheri. Yaya, na duba, yadda kika faɗa haka yake: a biyun ƙarshe zanen biyu baƙaƙe ne, a zagaye na gaba da ƙyar ake ganinsu. Baba, an turo rajistar, layin zafin a miƙe yake duk dare.

Saurar OH kuwa iri biyu na samu. A farkon dare kowane layi fari ne gaba ɗaya. Can da galaksin ta sauko wajen yamma sai suka koma gefe fari gefe baƙi.

'Yar Nima:

Madalla, to ka kamu da duka biyun, amma kowanne da lokacinsa.

Na farkon dare sama ce da kanta. Hasken OH daga wani shimfiɗin iska yake fitowa, kimanin kilomita 87 a samanmu, kuma ƙarfinsa na sauyawa cikin mintoci, musamman bayan faɗuwar rana lokacin da yake raguwa. Daƙiƙa 600 ta yi yawa a zangon H a wannan lokacin: kafin ka gama B, saman da ka ɗauka a A ya riga ya canza. Ni da zan sauko zuwa 300, ko ƙasa da haka a sa'ar farko. Akwai asara, ban ɓoye maka ba: kowace ɗauka tana zuwa da hayaniyar karantawa, kuma a tsakanin layukan OH, inda sama ta yi duhu, wannan hayaniyar ce ke cin galaksi mai rauni. Ka nemi a ƙara yawan karatun idon a kowace ɗauka, tunda irin wannan ido ana karanta shi ba tare da an goge cajin ba, hakan na rage ta. Hotunan da ka riga ka ɗauka kuma ba su ɓaci ba. In za ka daidaita ƙarfin saman kafin ka cire, kar dai ka ninka shi duka da lamba ɗaya, don layukan rukuni-rukuni suke, kowane rukuni da yadda yake hawa da sauka. Manhajar Skycorr ta ESO, cibiyar binciken taurari ta Turai, don wannan aka yi ta.

Na biyun, gefe fari gefe baƙi, gusawa ce. Yayin da madubin ke sunkuyawa, nauyi na lanƙwasa cikin na'urar kaɗan, sai layukan su matsa a kan idon. Ko kashi ɗaya cikin goma na fiksel ya isa ya bar wannan alamar a layi mai ƙarfi. Abin da ya dame ka shi zai cece ka a nan: yi amfani da layukan OH ɗin wajen auna gusawar kowane hoto, ka daidaita su kafin ka cire. Sun fi layukan fitilar gwaji ta argon da aka ɗauka da rana amfani, don su a daidai lokacin da wurin aka ɗauke su.

Daren gobe ka fara da galaksin, tauraron gwaji ya zo a ƙarshe, a tsayin da ya yi kusa da nata a sama, da gajeriyar ɗauka yadda ba zai cika fiksel ba. In dole ne ya riga ta, sa shi a wani wuri daban a kan tsagar. Kuma ka tuna A0V yana da nasa layukan haidirojin a zangon H: wanda ake kira Brackett 12 yana 1.641 maikiron, daidai kan inda kake neman H-alfa ɗinka. Cire shi daga tauraron kafin ka raba hasken galaksin da na tauraron, in ba haka ba zai haifa maka tudu a wurin, ka ɗauka layinka ne. Turo mini hoton A–B na farko da zarar ya fito, ina farke har ƙarfe biyu.