A fidda littafin daga aji, ko a bar shi?

Daren Alhamis, cikin rukunin malamai da tsofaffin ɗaliban wata lise a Tawa.

Mushe Abdu: Salamu alaikum. Yau ko abincin rana ban iya ci ba. Muna karatun Une vie de boy na Ferdinand Oyono, labarin yaron gidan kumandan a Kamaru, sai muka iso inda Bature ya kira baƙar fata "nègre". Na karanta na wuce. Da aka fita shan iska na tarar da yara uku sun tsare wani gindin bedi, suna kiransa da kalmar suna ƙyalƙyata dariya, shi kuwa ya rungume jakarsa yana kallon ƙasa. Da marece uwarsa ta zo riƙe da hannunsa. Ni dai na yanke: duk littafin da ke ɗauke da zagin launin fata a fidda shi daga tsarin karatu.

Madan Hajo: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce ka karanta ka wuce. To nan gizo ke saƙar. Oyono Bakamare ne, a 1956 ya fitar da littafin, mulkin mallaka na kan ganiyarsa, don ya tona asirin masu zagin. Ka goge kalmar daga bakin kumandan, ka mai da shi mutumin kirki. Shekara 19 ina koyar da shi, ban taɓa isa wurin nan ba sai na ajiye alli na tambayi aji: wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, wa ke riƙe da bulala?

Alhaji Sani: Madan, ku malamai kuna da bayani. Mu iyaye abin da yaro ya kawo gida shi muke gani. Aji mai yara 80, wa ya ji tambayarki a bencin baya? Zagin kaɗai ke isa can.

Ibro (daga Yamai): Baba Alhaji, ku yi haƙuri in sa baki. Rigimar nan ta daɗe a Amurka. Littafin Mark Twain, Huckleberry Finn, ya maimaita kalmar zagin baƙaƙe fiye da sau 200. A 2011 wani kamfanin ɗab'i ya fitar da shi ya musanya ta da kalmar da ke nufin bawa, don makarantu su karɓa. Faransa ma a 2020 an sake wa wani littafin Agatha Christie suna saboda wannan kalmar ta Mushe Abdu.

Alhaji Sani: To ka gani. Masu abin ma sun gyara, mu ne za mu fi su son kayansu?

Ibro: Amma ba duka ɗaya ba ne, Baba. Akwai littafin da mugu ke zagi a ciki, akwai wanda marubucin ne kansa ke kallonmu kamar dabbobi. Abin da marubucin Nijeriya Chinua Achebe ya tuhumi marubucin Turai Joseph Conrad da shi ke nan a laccarsa ta 1975. Irin na biyun ni ma ba zan ba ɗan koleji ba, sai dai a jami'a.

Madan Hajo: Ni zan ba ɗan tarminal, ajin ƙarshe na lise. Labarin Conrad na kogin Kwango ya fito a 1899, shekarar da hafsoshin sojan Faransa Voulet da Chanoine suka ƙone Birnin Ƙwanni, suka wuce suna kisa. Yaran Adar su san irin tunanin da ke kan mutanen da suka yi wa kakanninsu haka. Wanda bai ga yadda aka rubuta baƙar fata ba, yaya zai gane abin da ya sa aka harbe shi?

Mushe Alhasan: Tun ɗazu ina karanta ku ban ce uffan ba. Abdu, tambaya ɗaya. Yaran nan huɗu duk baƙaƙe ne, ko? To mi ya sa shi suka zaɓa?

Mushe Abdu: Kai Alhasan.

Mushe Alhasan: Faɗi mana, ba suna nike nema ba.

Mushe Abdu: Gidansu na cikin waɗanda ake cewa asalinsu bayi ne. Kowa a unguwar ya sani.

Mushe Alhasan: Madalla da gaskiya. Ke nan ba Oyono ya koya musu ba. Sun zo da zagin daga gida, littafi ya ba su sabuwar riga ta Faransanci su sa masa. Ni a ajinmu ba a buƙaci wani littafi ba, "ɗan bawa" ake ce mini da Hausa tsantsa, malami na ji yana gyara hularsa. Sai 2003 dokar ƙasar nan ta mai da bauta laifin da ake hukuntawa. A 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta zauna a Yamai ta ba Hadijatou Mani gaskiya, wadda aka sayar tana shekara 12 a cikin jihar nan tamu, ta ce gwamnati ta biya ta miliyan 10 na sefa. Ibro, dabarar Amurkawan nan taka, a goge zagi a sa "bawa", kawo ta ajin Abdu ka gani. Wuƙar da ta fi kaifi za ka miƙa musu.

Ibro: Wallahi yaya, ban kalle ta ta nan ba.

Alhaji Sani: Alhasan, maganarka ta taɓa ni, ban musa ba. Amma har yanzu ina kan bakana. Tunda kun san da ciwon a ajin, don mi za ku kawo abin da zai fama shi?

Madan Hajo: Don in ba a aji ba, Alhaji, ina ake taɓa maganar? A gida?

Mushe Abdu: Yaya Hajo, Litinin ƙarfe 8 nike da su. Ki zo mu koma shafin tare, ni kaɗai ban san ta inda zan fara ba.

Madan Hajo: Ina da aji har 10. Ka musanya awa da mai lissafi, zan zo. Yaron zai kasance?

Mushe Abdu: Uwar ta ce ba zai sake taka ajin ba sai an raba shi da su ukun. Gobe bayan Juma'a zan je gidan.